Saura Kashi Biyu

Rumfata na 'Yankura, daf da mai gasa masara:
allon katako, soket sittin da huɗu,
da ɗan janareta mai tari irin na tsofaffi.
Ɗari biyu caji. In bashi ne, ka gaida gida.

Da an ɗauke wuta sai su fara zuwa,
kowa da tasa a tafin hannu
kamar mai kai jinjiri asibiti da tsakar dare:
"Tanimu, taimaka, saura kashi biyu."

Obinna mai kayan gyaran mota
ya miƙo tasa, bai sake ta ba.
Na ja, ya ja, muka dubi juna,
ya yi dariyar da ba ta kai ido ba.
Ya ce matarsa a Anacha ta gaji
da miji mai kwana da haske a fuska.

Iya Alaba mai ɗaura wa amare gwaggwaro
ta zauna a bencina tana jira,
babban yatsanta na shafar cinya, sama, sama,
ba komai a wurin sai atamfa.

Har ɗan Cainan nan na Kantin Kwari,
da ba mu haɗa yare da shi ba,
ranar da tasa ta mutu a cunkoso
na ji abin da yake faɗa tsaf:
gumi a goshi, ƙafa na rawa.
Ashe ƙishirwar nan ba ta neman tafinta.

Agali, buzun da ke gadin shagunan baya,
wanda ya san taurari da sunayensu,
yanzu shayinsa kan ƙone a kan gawayi
yana kallon raƙuman wasu a gilashi.

Da dare, in sun jeru a allona,
sai su yi ta ƙyafta ido suna gurnani
kamar kwaɗin Jakara bayan ruwan fari.
Wannan ana kiranta, waccan ana zaginta,
wata an jefa mata zuciya ɗari uku,
mai ita ko tuwon dare bai ci ba.

Laifi tudu ne. To, ga nawa.
Daren Talata na koma gida Gwammaja,
Inna na zaune a bakin tabarma
tana ba ni labarin rijiyar gidanmu ta da,
wanda ya haƙa ta, da shekarar da ta ƙafe.
Ina ta "eh, Inna," "haka ne, Inna,"
idona na kan wasu ƙarti biyu
masu zage-zage kan ƙwallon wata ƙasa.
Da na ɗago, ta yi shiru tun tuni,
tana kallona kamar motar da ta bar ta a tasha.
Ta ce, "Tanimu, wuyanka zai ƙage."
Ta naɗe tabarmarta, ta shige ɗaki.

Har yau ban san sunan mai haƙa rijiyar ba.
Na tambayi wayar. Ba ta sani ba.

Jiya na sa tawa a soket na ƙarshe,
na kulle rumfa, na bar ta a ciki.
A adaidaita hannuna ya shiga aljihu sau bakwai,
cinyata na ta jin kiran da babu shi.
Sai na ga an yi wa masallacin kwanarmu fenti,
kore shar, wai tun kafin azumi.

Inna na barci da na isa.
Na zauna a ƙofar ɗakinta cikin duhu
ina jin numfashinta, sama, ƙasa,
ina lissafin da ban iya ba:
ita kuma saura kashi nawa?
Wace rumfa ake kai irin wannan?